Ƙaramar Kwaleji a Karkarar Amurka

In ana zancen karatu a Amurka, Harvard kowa ke ambata. To, akwai ƙananan kwalejoji a karkara, inda ɗalibi kan taɓa tarihi, adabi da kimiyya kafin ya zaɓi fanni. Ga kwalejin Berea a jihar Kentucky, wadda aka kafa a 1855. Ba a biyan kuɗin karatu, amma kowa sai ya yi aikin aƙalla awa 10 a mako, wani a gona, wani wajen ɗaurin tsintsiya. Aji ƙarami ne, ranar da ka yi fashi malam zai yi cigiyarka. Sai dai garin shiru yake, ga sanyin hunturu. Yaron da ya saba da hayaniyar Kano, a fara tambayarsa ko zai iya zaman.