Sabon Salo a Kiɗa: Darasi Daga Kalangun Shata



Mun taru yau a birnin Dikko domin mu tattauna a kan abin da ake kira sabon salo a kiɗa. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka cewa duk wani sabon abu sai ya haye teku kafin ya iso mana. Wannan zato shi ne muke so mu auna.

Bari mu fara da misali daga Ingila. A 1985 waɗansu samari biyar, 'yan makaranta ɗaya a garin Abingdon, suka kafa ƙungiyar kiɗa wadda daga baya aka san ta da suna Radiohead. Da jita suka yi suna, musamman da faifansu OK Computer na 1997. Amma a 2000, lokacin da duniya ke jiran su maimaita abin da ya karɓe su, sai suka fito da Kid A, inda na'urori suka danne jita. Waɗansu masoyansu suka yi fushi, duk da haka faifan ya zo na ɗaya a Ingila da Amurka. Abin da ake yaba musu shi ne ƙin zama inda aka ajiye su.

To, jama'a, mu ma muna da wanda ya yi irin wannan ƙarfin hali tun kafin a haife su, watau Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa. A al'adarmu ta da, kowane kiɗa da mazauninsa. Taushi da kotso na fada ne, kamar yadda Sarkin Taushin Katsina ya riƙe nasa a ƙofar Sarki Usman Nagogo. Kalangu kuwa na mahauta ne da 'yan mata a dandali. Shata ya ɗauki wannan kalangu da ake rainawa, ya shiga da shi ko'ina. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, ya yi wa direba da attajiri da manomi, ya yi wa soja lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969 bai tsira daga bakinsa ba. Sa'an nan ba ya zama ya tsara waƙa a gida; nan take yake ƙaga ta, 'yan amshi suna riƙe masa gindinta.

Wannan tafarki bai zo masa da sauƙi ba, domin mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba. Amma a 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya sami digirin dakta a Jami'ar Indiana da nazarin waƙoƙinsa, a 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi kansa Shatan digirin girmamawa. Ya rasu a 1999, aka rufe shi a Daura.

Mene ne darasinmu? Turawan nan sun ƙware a jita kafin su ture ta gefe. Shata kuma ya san kalangu ciki da bai kafin ya sauya masa mazauni. Yau samarinmu suna haɗa kiɗa da kwamfuta, kuma ba mu ga laifin na'ura ba. Abin tsoro shi ne yaron da bai taɓa jin yadda kalangu ke magana ba, bai san karin Hausa ba, sai ya kwafo kiɗan wasu ya ce ya ƙago. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Saboda haka muna kira ga ɗalibai su shiga unguwannin birnin nan, su nemi tsofaffin makaɗa, su ɗauki muryarsu tun suna da rai. Ma'aikata kuma, idan tsofaffin faya-fayai da kaset suka biyo ta ofisoshinku, kada ku bar su ga ƙura da gara. Wanda zai zo da sabon salo gobe, daga nan zai koyi abin da zai sauya.