Kada manhajar bincike ta mutu da kwamfutar mai ita

Mai bincike a Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke nan Maiduguri yana iya rubuta 'yar manhaja da Python domin lissafin amfanin alkama da gero. Ranar da ya bar aiki ko kwamfutarsa ta lalace, shi ke nan, domin bai ɗaure ta a ƙunshi guda ba: babu jerin manhajojin da take dogara da su, babu bayanin yadda wani zai girka ta. Ɗaurin nan koyonsa ake yi, kuma ya kamata malaman Jami'ar Maiduguri da na cibiyar su rubuta darussansa tare, a fili, kowa ya sa hannu ya gyara.

Wani zai ce ai Software Carpentry tun 1998 take koyar da masu bincike, darussanta kuma kyauta ne, to me ya kai mu wahala? Mu ɗauka mu gina a kai, lasisinsu ya yarda. Amma akasarinsu an rubuta su ne inda wuta da intanet ba sa yankewa, alhali a 2021 garin nan ya shafe watanni cikin duhu bayan an rushe turakun lantarki a hanyar Damaturu. Darasinmu dole ya nuna yadda ake sauke ƙunshi daga PyPI, rumbun ƙunshin manhajojin Python, sau ɗaya, a raba wa ɗalibai ba tare da intanet ba. Ƙorafin cewa aikin ba ya kawo ƙarin girma kuwa yana da tushe, gyaransa kuma yana hannun hukumar jami'a. Ya kamata ta fara lissafa rubuta irin waɗannan darussa cikin ayyukan malami.