Kwanso Daban, Ƙwaya Daban: Hujjar Haɗa Ma'ajiyar SSD da Hannu



Galibin ma'ajiyar SSD ta waje da ake sayarwa a kanti, in aka fasa ta, abu biyu za a tarar: ƙwayar da ke riƙe bayanai, da ɗan ayisin da ke yi mata tafinta da kafar USB. Kamfani ya haɗa, ya like, ya buga sunansa. Matsayina a yau shi ne, duk wanda aikinsa na shekaru ke kwance cikin irin wannan na'ura, gara ya sayi ƙwaya da kwanso mai ɗauke da ayisin daban-daban ya haɗa da kansa. Ba araha nake yi wa talla ba, domin wani lokaci ta kanti ma ta fi sauƙin kuɗi. Ribar ita ce ka san abin da ke ciki, kuma ka iya raba su ranar da ɗaya ya mutu.

Ku duba inda wahala take sauka. Ƙwaya tana kwance abinta, amma kafar kwanso kullum ana soka mata kebul ana zarewa, ana fizga, ana jefawa cikin jaka. In kafar ta karye a na'urar da aka like, sai an ɓalle ta da ƙarfi, kuma akwai waɗanda komai nasu a kan allo ɗaya aka narka, babu abin cirewa. Wadda aka haɗa da hannu kuwa, sukuru ɗaya za a kwance, a mai da ƙwayar wani kwanson, bayanai na nan yadda aka bar su. Ga kuma matsalar jabu. Kasuwannin intanet sun sha sayar da na'urori masu iƙirarin terabayit 16 a kuɗin banza, a buɗe a ga ɗan katin memori ne aka koya wa ƙarya. Ƙwayar tsirara ma ana yin jabunta, ban musa ba, sai dai tana tafin hannunka: manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna awannin da ta yi tana aiki, manhajar H2testw kuma za ta cika ta ta tabbatar da girmanta na gaskiya.

Za a ce wannan aikin masu gyara ne. Aikin bai kai canza batirin agogo wuya ba. Inda ake tuntuɓe shi ne wurin saye. Ƙwayar da ta fi yawa ita ce M.2 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80, amma masu wannan siffa iri biyu ne, NVMe da SATA, kuma yarensu ba ɗaya ba ne. A dubi bakinta mai ruwan zinariya: giɓi ɗaya galibi NVMe ce, giɓi biyu galibi SATA. Ta SATA kan shiga kwanson NVMe lafiya lau, amma kwamfuta ta yi kamar ba a sa komai ba. Kwanso mai ayisin Realtek RTL9210B yana jin yaren biyun. In an dace, sai a soka ƙwayar a karkace, a danne wutsiyarta, a ɗaure, a yi mata fomat; exFAT ne Windows da Mac duk suke karantawa su rubuta.

Ƙorafi na biyu yana da ƙarfi, kuma na yarda da rabinsa: kwanso na ɗaure wa ƙwaya ƙafa. Kafar USB mai gigabit 10 ba ta wuce kimanin megabayit 1,000 a daƙiƙa, don haka wanda ya sayi ƙwaya mai gudun 7,000 ya saka a ciki ya sayi dokin sukuwa ne ya sa shi jan amalanke. Amma wannan hujja ce ta sayen matsakaiciya, ko ceto wadda ke cikin tsohuwar laftof. Kuma a lura da kebul, domin da yawan na cajin waya a gudun USB 2.0 suke, megabit 480 kacal, ko da bakinsu USB-C ne.

Saura garanti da zafi. Gaskiya ne garanti ya rabu gida biyu, kowa na iya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Sai dai garanti na'ura yake mayarwa, ba ya mayar da kundin digirin da ke ciki. Zafi kuwa ba abin wasa ba ne a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri, inda Afrilu ke haura digiri 40. Ƙwayar NVMe kan rage gudu da kanta in ta doshi digiri 70 ko fiye. Saboda haka a zaɓi kwanson alminiyam, kuma ɗan facin nan mai laushi kamar cingam da ke zuwa cikin kwali, kada a yar da shi. A ɓare ledarsa ta fuska biyu, a shimfiɗa a kan ƙwayar har ya taɓa murfi. Kwanson da ya yi ɗumi a hannu lokacin kwafi, zafin ne yake fitarwa.