Lambun Bayan Gida: Noman Zukini da Yadda Za a Yi da Rarar Amfani



An nemi in yi magana a kan lambun bayan gida, na kuwa zaɓi wani kayan lambu da kuka saba gani da tsada a manyan kantunan Abuja da Legas, wato zukini. Ɗan'uwan kabewa ne, sai dai siffarsa ta kokwamba ce. Asalin danginsa ƙasar Meziko, amma manoman Italiya ne suka fitar da wannan iri a ƙarni na 19.

Nomansa ba wuya. Yana son rana, da ƙasa mai taki, da ban ruwa a gindi. A bar tazarar kamar mita 1 tsakanin shuka da shuka. Cikin kwana 45 zuwa 55 zai fara 'ya'ya. Furensa namiji daban, mace daban, ƙudan zuma ne ke haɗa su da safe, saboda haka kada a yi feshin maganin ƙwari a wannan lokaci.

Matsalar zukini ita ce yawan haihuwa. Kabewarmu takan yi watanni a ɗaki ba ta lalace ba, shi kuwa ko a firji da ƙyar yake wuce mako guda. Wanda bai shirya ba, guminsa zai ƙare a juji.

Shawarata uku ce. Ta farko, kada a shuka fiye da gindi 2 ko 3, sun ishi gida guda. Ta biyu, a riƙa zagaya lambun kullum, a tsinke shi yana da tsawon santimita 15 zuwa 20. In aka bar shi zai yi kaurin damtse, 'ya'yan cikinsa su yi tauri, uwar kuma ta rage haihuwa. Ta uku, abin da ya saura a yanka shi siriri-siriri a shanya, kamar yadda iyayenmu mata ke busar da kuɓewa, a adana don miya. Wanda ya fi ƙarfin shanya a kai wa maƙwabta da gidajen marayu tun yana ɗanye, domin alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Mu 'ya'yan manoma ne, zaman birni bai kamata ya koya mana zubar da abinci ba.