Tsarin Filayen Gari: Mu Sa Baki Tun Kafin A Ja Layi

 

Bayan godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya, kwamitinmu ya ga ya dace mu yi magana yau a kan abin da ba mu cika tunawa da shi ba sai ranar da aka shafa wa katangar wani jan fenti, wato yadda hukuma take tsara amfani da filayen gari na shekaru masu zuwa, da yadda take sake duba tsarin.

Dalilinmu a fili yake. Iyaye da kakannin da yawa daga cikinmu fatauci da malanta ne suka kawo su Potiskum, daga Kano da Katsina da Haɗeja da sauran wurare, suka tarar da Ngizim da Karekare da Bolewa, aka karɓe su hannu biyu. Yau a nan gidajenmu suke, a nan rumfunanmu suke, a nan muka binne iyayenmu. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Potiskum mutum 205,876 a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 559, kuma kowa ya ga yadda gonakin bakin gari suka zama unguwanni tun daga lokacin. Mutane suna ƙaruwa, ƙasa kuwa tana nan yadda take.

Da farko mu san mai iko da ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. Wurin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da takardar mallaka a cikinsa, kuma gari mai girman Potiskum nan ya faɗa. Filayen karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya, amma ba za ta wuce hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo ba sai da yardar gwamna. Sa'an nan sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar gida ko fili a ko'ina cikin Nijeriya. Don haka kada wani ya ce da mu, kada mu ma mu ce da kanmu, wai mu baƙi ne, maganar tsarin gari ba tamu ba ce.

To ina ruwan ƙaramar hukuma? Tsarin mulki ya ɗora mata kula da kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, mayanka, titunan cikin gari, magudanan ruwa, kwashe shara, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya yiwuwa sai da fili, fili kuma ba ya samuwa sai an ware shi tun kafin a gine wurin. Doka mai lamba 88 ta 1992 ta raba aikin tsara birane hawa uku: hukuma a tarayya, hukuma a jiha, da hukumar tsare-tsare a ƙaramar hukuma, wadda aka ba ta shirya tsarin gari da na karkara da na unguwa. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka a yau magana ta ƙarshe a Damaturu take, inda hukumar YOGIS take, amma bukatun gari daga sakatariyar ƙaramar hukuma da fada suke tasowa.

Yaya ake shirya irin wannan tsari? Ana farawa da bincike. Safiyo da masana tsara gari su zagaya, su auna ƙasa, su san ina ne tudu, ina ne kwari, ina ruwa yake bi da damina, ina burtali, ina gonaki. Daga nan su yi lissafin yawan jama'a nan da shekara ashirin ko fiye, domin da shi ake sanin makarantu nawa za a bukata, asibiti nawa, da faɗin titi. Sai a zana daftari a taswira, a ce nan gidaje, nan kasuwa, nan masana'antu, nan kuma ba a gini. Bisa hanyar da dokar 1992 ta shimfiɗa, ana kafe daftarin a bainar jama'a na wani wa'adi, duk mai ƙorafi ya rubuta ya kai, a zauna a duba ƙorafe-ƙorafen, a gyara abin gyarawa, kafin hukuma ta amince. Da zarar an amince, duk mai neman izinin gini da wannan taswirar za a auna shi.

Jama'a, wannan wa'adi na kafe daftari shi ne ƙofarmu, kuma ita ce ƙofar da muka fi sakaci da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Layin da aka ja a takarda ana iya goge shi da wasiƙa guda, amma in katafila ta iso sai dai kallo.

Sai maganar sake dubawa. Dokar 1992 ta ɗauki shekara biyar a matsayin wa'adin sake duba tsari, domin gari ba ya tsayawa jiran takarda. Alal misali, wanda ya zana taswirar Potiskum kafin 1991 bai san za a cire Yobe daga Borno ba, bai san za a mai da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye ba, bai kuma san rikicin Boko Haram zai koro dubban mutane daga ƙauyuka su shigo gari ba. Kaduna ta samu tsarinta daga kamfanin Max Lock a 1967, aka nufe shi da kai garin har 2017, amma sai a 2010 aka yi masa cikakken bita, bayan gari ya riga ya tsallake inda aka zana. A Abuja kuwa, tsarin 1979 shi aka riƙe hujja a rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, wanda ya raba mutane da yawa da muhallinsu. Ambaliyar da ta ci Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau ita ma ta nuna mana abin da ruwa yake yi idan ya tarar da gidaje a hanyarsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yawancin fulotanmu awon igiya ne. Mai gona ya yanka, dillali ya sayar, mai unguwa ya sa hannu, mu kuma mu ɗauka magana ta ƙare. Takardar ciniki shaida ce cewa mun biya kuɗi, amma ba ita ce takardar mallaka ta gwamnati ba. Doka ta ba gwamna ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta gini ce da amfanin gona da abin da aka kashe a wurin, ba ta ƙasar kanta ba. Wanda ya yi gini a kan hanya ko magudanar ruwa ba tare da izini ba, ko wannan ɗin zai yi wuya ya samu. Mu da kanmu muke matse lungu har mota ba ta shiga, ranar gobara ko naƙuda mu koma muna salati.

Saboda haka kwamitinmu yana kawo shawarwari huɗu. Na ɗaya, kada ɗan ƙungiya ya biya kuɗin fili sai ya je ofishin filaye ya tabbatar da abin da aka ware wurin dominsa. Na biyu, mu tattara sunayen masu awon igiya a cikinmu, mu nemi takardun mallaka a ƙungiyance, domin abin da ya gagari mutum ɗaya ba ya gagarar jama'a. Na uku, mu naɗa mutum uku masu ilimin boko su riƙa bibiyar sanarwar hukuma, kuma duk ƙorafinmu ya tafi a rubuce ta hannun kansila da masu unguwanni, mu ajiye kwafi. Na huɗu, bukatun da za mu gabatar su zama na gari baki ɗaya: wurin tsayawar tireloli, hanyar shigar shanu kasuwa, ƙarin maƙabarta, filin makaranta a sababbin unguwanni. Mu tafi da su tare da 'yan'uwanmu da muka tarar a nan, da sanin iyayen ƙasa, kada a ce Hausawa sun zo neman nasu su kaɗai.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya zaunar da Potiskum da Jihar Yobe lafiya, Ya sa mu bar wa 'ya'yanmu gari mai hanya da magudanar ruwa.