Baƙo a Ƙofar Asibitin Ingila: Hanyar Ganin Ƙwararren Likita da Haƙƙin Majiyyaci



Wannan lacca ta shafi al'amarin da yakan riski duk wanda karatu ko aiki ya kai shi Ingila, watau yadda maras lafiya zai kai ga ƙwararren likita, da kuma haƙƙin da doka ta ba shi yayin da yake neman magani. A kowace shekara ɗalibai da ma'aikata suna barin Kano da Zariya da Sakkwato zuwa London da Manchester da Birmingham, sun shirya fasfo da biza da kuɗin makaranta, amma kaɗan ne daga cikinsu suke sanin ƙofar da za su ƙwanƙwasa ranar da ciwo ya zo. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Asalin tsarin

A garuruwanmu, mutumin da ciwo ya matsa wa yakan nufi babban asibiti kai tsaye, ya yanki kati, ko kuma ya nemi wani ɗan'uwa da ya san likita. A Ingila al'amarin ya sha bamban. Tun shekarar 1911 aka yi dokar inshorar da ta sanya leburori da ƙananan ma'aikata cikin jerin sunayen wani likita na kusa da su. A ranar 5 ga Yuli 1948, ƙarƙashin ministan lafiya Aneurin Bevan, aka buɗe Hukumar Lafiya ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NHS, aka kuma shimfiɗa wannan tsari ga kowa da kowa. Likitocin ƙasar sun kasu gida biyu. Akwai likitan unguwa, wanda suke kira GP, shi ne mai duba kowace irin cuta a ɗakin shan maganinsa. Akwai kuma ƙwararren likita da ke zaune a babban asibiti, wanda ya keɓanta da fanni guda, kamar zuciya ko ƙoda ko ƙashi ko cututtukan jini.

Ƙa'idar ita ce, ba a ganin ƙwararre sai da takardar likitan unguwa. Hikimar haka kuwa a fili take. Ƙwararru kaɗan ne, majiyyata suna da yawa, kuma akasarin cututtukan da ke damun jama'a likitan unguwa yana iya maganinsu. Har ila yau, shi ne mai riƙe da tarihin lafiyar mutum, saboda haka ya fi kowa sanin fannin da ya kamata a tura shi. Akwai dai wurare kaɗan da ake zuwa ba da takarda ba, kamar sashen haɗari da gaggawa, da asibitocin cututtukan saduwa. Wanda ransa ke cikin hatsari ya buga lamba 999, wanda kuma yake neman shawara cikin gaggawa ya buga 111.

Matakin farko: rajista

Abu na farko da ya wajaba a kan baƙo, tun cikin makon saukarsa, shi ne ya yi rajista da likitan unguwa. Rajistar kyauta ce, ganin likitan ma kyauta ne ga kowa, ko ɗan ƙasa ko baƙo. Ƙa'idar hukumar ta bayyana cewa ba sharaɗi ba ne mutum ya nuna shaidar adireshi, ko katin shaida, ko takardun izinin zama. Duk da haka, akan sami ma'aikacin karɓar baƙi da zai nemi waɗannan takardu, baƙo kuwa ya juya ya tafi bisa zaton ba shi da hakki. Ɗakin likita yana iya ƙin karɓar mutum idan jerin sunayensa ya cika, ko kuma mutumin yana zaune a wajen yankinsa, amma tilas ne a ba shi dalilin a rubuce.

Alal misali, a ɗauki ɗalibi mai ciwon sikila da ya sauka a watan Satumba, sanyin hunturu yana tafe. Idan ya yi rajista da wuri, ya kuma nuna takardun asibitinsa na gida, likitan unguwa zai tura shi wurin likitan jini tun kafin ciwon ya motsa, a rubuta masa tsarin jiyya da kowane asibiti zai gani. Idan kuwa ya yi sakaci, zai tsinci kansa a sashen gaggawa da tsakar dare, yana bayanin cutarsa ga mutanen da ba su da tarihinsa ko kaɗan.

Wa ke biya, nawa kuma?

Babban asibiti kyauta ne ga mazauna ƙasa. Shi kuwa baƙo, matsayinsa ya danganta ga irin bizarsa. Tun shekarar 2015, wanda zai zauna fiye da wata 6 yana biyan kuɗin lafiya tare da kuɗin biza. Da farko fam 200 ne a shekara, ɗalibi kuma fam 150. A watan Fabrairu 2024 aka mai da shi fam 1,035, ɗalibi kuma fam 776. Wanda ya biya wannan kuɗi yana samun jiyya kusan daidai da ɗan ƙasa, sai dai ya biya ɗan abin da kowa ke biya, kamar kuɗin karɓar magani da na haƙori. 'Yan gudun hijira da masu neman mafaka waɗanda ake duba takardunsu, su an ɗauke musu biya.

Wanda ya kamata ya yi hattara ƙwarai shi ne ma'aikacin da aka tura gajeren kwas da bizar ziyara. Shi ba ya biyan wancan kuɗi, saboda haka idan aka yi masa jiyya a babban asibiti za a caje shi kashi 150 cikin 100 na farashin hukuma. Tun watan Oktoba 2017, jiyyar da ba ta gaggawa ba sai an biya kafin a yi ta. Bugu da ƙari, bashin da ya kai fam 500 kuma ya wuce wata 2 ba a biya ba, ana iya kai rahotonsa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ya zama dalilin hana mutum biza nan gaba. Maganin wannan shi ne inshorar lafiya tun daga gida.

Amma akwai iyakar da doka ta shata. Dubawa a sashen gaggawa kyauta ce ga kowa, sai in an kwantar da mutum a ɗakin jiyya sa'an nan lissafi ya fara. Gwaji da maganin wasu cututtuka masu yaɗuwa, kamar tarin fuka da ƙanjamau, kyauta ne. Jiyyar ceton rai ba a hana ta ko a jinkirta ta saboda rashin kuɗi, haka nan kula da mai juna biyu, ko da yake takardar biya tana iya biyo baya.

Haƙƙin majiyyaci bayan an tura shi

A shekarar 2009 aka tattara haƙƙoƙin majiyyata cikin kundi guda na hukumar. Na farko, idan likitan unguwa ya tura mutum, a mafi yawan lokuta yana da ikon zaɓen asibitin da zai fara zuwa. Na biyu, yana da haƙƙin a fara masa jiyya cikin mako 18 daga ranar da aka tura shi, idan cutar ba ta gaggawa ba ce. Lalle ne a faɗi gaskiya a nan: burin hukumar shi ne kashi 92 cikin 100 na masu jira kada su wuce wannan wa'adi, amma tun 2016 aka daina cimma burin, kuma a watan Satumba 2023 jerin jira ya haura miliyan 7 da dubu 700. Amfanin sanin haƙƙin shi ne, wanda jiransa zai wuce wa'adi yana iya neman a duba masa wani asibitin da zai karɓe shi da wuri. Idan ana zaton ciwon daji ne, ƙa'idar da aka tsaya a kanta tun Oktoba 2023 ita ce a tabbatar wa mutum ko a kore masa zaton cikin kwana 28.

Na uku shi ne haƙƙin sani da yarda. A shekarar 2015 Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke hukunci a shari'ar Montgomery. Wata mace ce mai ciwon sukari, mai ƙaramin jiki, ta haihu a 1999 ba tare da an gaya mata hatsarin maƙalewar kafaɗar jariri ba, yaron ya sami naƙasa mai tsanani. Kotu ta ce wajibi ne likita ya bayyana wa majiyyaci duk wani hatsari mai muhimmanci da sauran hanyoyin jiyya, domin jikin nasa ne, zaɓin ma nasa ne. Daga nan ne haƙƙin tafinta yake samun ƙarfi, domin yardar da aka bayar ba tare da fahimta ba, ba yarda ba ce. Asibiti ne ke samar da tafinta, majiyyaci ba ya biya, kuma bai dace a ɗora wa yaro fassara ciwon mahaifiyarsa ba. Mace tana iya roƙon likita mace, ko a sa wata ta tsaya yayin da ake duba ta.

Na huɗu, sirrin majiyyaci amana ne, kuma yana da ikon neman kwafin takardunsa, a ba shi cikin wata guda bisa al'ada. Idan likitan unguwa ya ga babu bukatar tura shi, doka ba ta tilasta wa likitan ba, amma majiyyaci yana iya tambayar dalili, ya nemi ganin wani likitan a wannan ɗaki, ko ya sauya rajista baki ɗaya.

Na biyar shi ne haƙƙin kai kuka. A manyan asibitoci akwai ofishin ba majiyyata shawara da sauraron damuwarsu. Idan abin bai warware a nan ba, sai a rubuta ƙara cikin wata 12. Wanda amsar ba ta gamsar da shi ba, yana iya ɗaukaka ta zuwa ga jami'in sauraron koke-koke mai zaman kansa, wanda ke ba da rahoto ga Majalisa.

Kammalawa

Kunya da kawaici halaye ne masu kyau a gida, amma a gaban likita suna iya jawo hasara. Ganawa da likitan unguwa takan kasance kamar minti 10 kacal, wanda kuwa ya ce "da sauƙi" alhali ciwo yana cinsa, za a rubuta cewa da sauƙi. Saboda haka mai tafiya ya ɗauki takardun asibitinsa da sunayen magungunansa, ya san irin bizarsa, ya yi rajista tun yana da lafiya, ya faɗi ciwonsa yadda yake, ya kuma tambayi ranar da aka aika takardarsa da asibitin da aka aika ta. Idan ya ji shiru, ya bi sawu. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya.