Darasi na Goma Sha Ɗaya: Saƙon Murya da Zumuncin Dangi

  

Yau za mu yi magana a kan abin da ke cikin aljihun magidanta, yake kuma ɗaure a haɓar zanen mata, wato wayar salula. Ba mu zo haramta ta ba. Manyanmu sun tuna lokacin da ake neman mai rubuta wasiƙa, ko a ɗauki murya a kaset a damƙa wa direba, don a gai da ɗan da ya tafi ci-rani Abijan ko Libiya, amsa ta yi watanni ba ta dawo ba. Yau tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakol ba tana danna waya ta yi magana, ɗanta ya ji ta nan take, kafin la'asar kuɗin sukari da dabino sun iso. Wannan ni'ima ce, kuma sada zumunci ne.

Sai dai ƙofar da alheri ke shigowa ta ita, ta nan ɓarna ke bi. A da, gulma tana bukatar ƙafa. Sai mace ta yafa mayafi, ko namiji ya sa takalmi, ya ratsa rana ya tafi gidan da zai kai magana. Sau da yawa kafin ya isa zuciyarsa ta huce, ko ya tarar da baƙi ya fasa. Yanzu mutum yana kwance a tabarma bayan azahar, yunwa da ƙishirwa sun taƙaita masa haƙuri, yatsa ɗaya ya ishe shi. Zauren WhatsApp da dangi suka buɗe don sanar da haihuwa da ɗaurin aure da rasuwa, sai a wayi gari ya koma kotu, ba alƙali, ba shaida, wanda ake tuhuma kuma sau da yawa ba ya ma cikinsa.

Kun san yadda abin ke tafiya. Ƙanwar miji ta aika wa yayarta saƙon murya tana kukan cewa matar wansu ba ta aiko wa tsohuwa abincin shan ruwa. Magana ce ta ɓacin rai tsakanin mutum biyu, da an bar ta da ta mutu kafin sahur. Yayar ta tura wa faccala, faccala ta tura wa wata ƙawa, kafin a fito asham saƙon yana wayar uwar matar. To, ku lura da abin da ya sa wannan ya fi gulmar baki muni. Maganar baki tana da gyara. Dattijon da ya zo sulhu yakan ce, "Ba haka take nufi ba, an dai ƙara gishiri," kuma shari'a ta yi wa mai sulhu sassauci ya isar da alheri ya ɓoye sharri. Amma muryar da aka ɗauka ba ta barin wa dattijo wurin tsayawa. Mun sha zaman sasanta ma'aurata, an kai ga yafe wa juna, ana shirin yin fatiha, sai wani ya zaro waya ya sake kunna saƙon da aka yi wata shida da suka wuce. Mai maganar ta riga ta yi nadama, amma muryarta tana nan da zafinta na ranar farko.

Masu tambaya sukan ce, shin wannan yana karya azumi? A wajen malamanmu na Malikiyya da mafi yawan malamai, giba da annamimanci ba sa wajabta ramuwa. Ladar ce suke cinyewa. Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, hadisin da ke nuna cewa Allah ba ya bukatar yunwa da ƙishirwar wanda bai bar zancen ƙarya da aiki da ita ba. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa a babin azumi an hori mai azumi da tsare harshensa da gaɓɓansa. Yatsa gaɓa ce. Malamai kuma tuntuni suka bayyana cewa giba da rubutu ko da nuni hukuncinta ɗaya da giba da harshe.

Saura mai cewa, "Ni ba ni na faɗa ba, turawa kawai na yi." Wannan uzuri ya daɗe. Ku tuna ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, a dawowa daga yaƙin Banul Musɗaliƙ. Shugaban munafukai Abdullahi ɗan Ubayyu shi ne jigon maganar, amma ba da bakinsa kaɗai ta zagaye Madina ba. Wasu mutanen kirki ne suka ji suka maimaita. Kusan wata guda Manzon Allah yana cikin damuwa, A'isha ta yi kuka har hawaye suka ƙafe, kafin ayoyin Suratun Nur su sauka su wanke ta. A aya ta 15 Allah ya zargi masu karɓar zance daga harshe zuwa harshe ba tare da sani ba, suna ɗaukarsa ƙaramin abu alhali a wurinsa babba ne. Turawa ke nan, tun ba a ƙera waya ba.

Ku dubi kuma su wane ne suka faɗa ciki, don a nan darasin gidajenmu yake. Akwai Misɗahu, ɗan uwan Sayyidina Abubakar, talaka wanda Abubakar ɗin ke ciyarwa. Akwai Hamnatu, ƴar uwar Nana Zainab ƴar Jahshu, wadda ta shiga maganar don taya ƴar uwarta kishi. Ita kuwa Zainab, wadda ita ce kishiyar, da Manzon Allah ya tambaye ta sai ta tsare jinta da ganinta, ta ce alheri kawai ta sani. Iyayenmu mata, ku riƙe wannan: kishiyar ta kame bakinta, mai taya kishi ce ta auka. Allah ya yarda da su baki ɗaya, sun tuba kuma an tsarkake su.

Su kansu masu WhatsApp sun ga illar turawa. Bayan jita-jitar satar yara ta jawo kashe mutane a Indiya a 2018, sun taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a 2019 suka game duniya da wannan doka. Idan kamfanin da ke cin riba da yawan saƙonni ya sa wa abin linzami, mai azumi ya fi cancanta ya sa wa kansa.

Maza kuma kada su ce da mata ake. Akwai magidancin da in sun yi saɓani da iyalinsa sai ya kunna waya a ɓoye ya ɗauki muryarta, ya aika wa danginsa don a san irin haƙurin da yake yi. Akwai mai bin dare yana binciken wayar matarsa, kamar yadda akwai mai binciken ta mijinta. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta haɗa mummunan zato da leƙen asiri da giba a wuri ɗaya ta hana, domin kowane yana haifar da na bayansa. Aure amana ne, kuma wanda ake ɗauka a ɓoye ba zai ƙara sakin jiki ya yi magana a ɗakinsa ba.

Wanda saƙo irin wannan ya iso wa, ya tsaya a wurinsa. Ya goge shi, ya kira mai maganar ya yi mata nasiha a keɓe. Babban da ke riƙe da zauren dangi ya sani shi mai gida ne a can, in an fara cin naman wani ya tsawatar, shirunsa yarda ce. Wanda kuma ya riga ya tura, tubarsa ba ta tsaya ga istigfari ba, don haƙƙin bawa ne. Ya nemi yafewa. In yana tsoron faɗar za ta ƙara hura wuta, malamai sun ce ya roƙa wa wanda ya ci namansa gafara, ya kuma ambace shi da alheri a wurin da ya ɓata shi. Wato ya koma zauren nan dai, da muryarsa, ya gyara.

Ga wanda aka zalunta kuwa, Abubakar ya rantse ba zai sake ba Misɗahu komai ba, kuma wa zai ga laifinsa? Ƴarsa aka taɓa. Sai aya ta 22 ta sauka tana kiran masu falala su yi afuwa in suna son Allah ya gafarta musu, nan take ya mayar masa da ciyarwar da ya saba. A cikinmu akwai wanda ya toshe lambar ɗan uwansa ciki ɗaya tun sallar bara, alhali shari'a ba ta yarda da ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku ba. Goman tsakiya muke ciki. In an sha ruwa yau, a buɗe lambar nan, a kira, ko da gaisuwar barka da shan ruwa ce kawai.

Lokacinmu ya ƙure. Gobe in Allah ya kai mu za mu amsa tambayoyin da kuka aiko a kan azumin mai ciki da mai shayarwa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.